Bin Sawun Murya Daga Makirfo Zuwa Lasifika

 

Wanda ya ratsa Kasuwar Muda Lawal da hantsi ya san yadda Bauchi ta dogara da lasifika: ga mai tallar magani, ga 'yan kamasho suna kiran fasinja, ga ladan in azahar ta yi. Kuma dukanmu mun taɓa zama wajen tafsiri ko walima, malam na cikin magana na'ura ta ɗauke ɗif, jama'a suka juyo suna hararar yaron da ke gaban miksa. Abin da ke biyo baya ne yake damuna. Sai a hau murɗe-murɗe, a bubbuga ta da tafin hannu, washegari a kai wa mai gyara a ce ta ƙone. Sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Murya hanya ɗaya take bi: makirfo, waya, ƙofar shiga miksa, layin da aka ba ta, babban maɓallin fita, amfilifaya, lasifika. Mai lambu in ruwa bai isa fangali ba, ba ya fara da kwance injin ban ruwa. Bin hanyar ruwan yake yi har ya ga inda ta toshe. Haka za ku yi. Miksa da yawa, na Yamaha ko na Behringer, suna da maɓallin PFL. Danna shi, sa abin sauraro a kunne, dubi fitilun awo. In suna motsi, murya ta shigo, matsalar tana gaba. In ba sa motsi, koma baya: mayar da wayar wani layin, in ta ƙi, canza wayar. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, domin wanda ya canza uku tare, ko an dace, bai san me ya gyara ba, gobe kuma zai sake faɗawa.

Waya ce ta fi kowa laifi. Ana taka ta, ana naɗe ta a gwiwar hannu, ana fizge ta daga nesa. Buɗe kan wayar makirfo, wato XLR, ka duba: fil uku ne, na 1 na ƙasa, na 2 da na 3 su ke ɗauke da murya. Silin waya guda ya saki daga dalma, sai murya ta shaƙe ko ta riƙa yankewa. Gyaran minti biyar ne ga mai ƙarfen soda. Akwai kuma makirfon da ba ya magana sai an danna masa 48V, irin siririn nan na kan mumbari. An sha yar da lafiyayye saboda rashin sanin wannan.

Yanzu ga wanda nake so mu daɗe a kansa, wato gurnanin nan mai kauri da ba ya tashi ko kowa ya yi shiru. Wutarmu, ta kamfanin JED ce ko ta janareta, tana juyawa sau 50 a sakan ɗaya, kuma sautinta ke nan kuke ji ya kutso. Yawanci an jona miksa a soket ɗin masallaci, an jona amfilifaya a wani layin daban, sai ƙasansu ya bambanta, wuta ta riƙa bin wayar sauti tana zagayawa. Ku jona su wuri ɗaya, ku raba wayar makirfo da wayar wuta, kada su kwanta jere. In kwamfuta ce ta kawo shi, cire cajarta ka saurara. Amma don Allah, 'yan'uwa, ku daina karya fil ɗin ƙasa na fulogi don gurnani ya tafi. Yakan tafi, gaskiya ne. Sai dai ranar da wuta ta zubo a jikin amfilifaya, ba ta da hanyar sauka sai ta makirfon da ke hannun liman, shi kuwa ƙafarsa ba takalmi, ga danshin alwala. Wannan ba dabara ba ce, ganganci ne da ran mutum.

Tsuwwar nan mai huda kunne kuwa, makirfo ne ke jin lasifika yana mayar mata da abin da ta faɗa. Lasifika ta kasance gaban mai magana, tana kallon jama'a. Malamanmu kuma, Allah ya gafarta muku, a daina dunƙule kan makirfo da hannu. Rufe ramukan bayansa ne ke sa ya ɗebo sauti ta ko'ina. Kai kuma ƙanena da ke gaban miksa, in jar fitila ta kama, rage maɓallin Gain, domin muryar da ta fashe tun daga miksa ita ke ƙona ƙananan lasifikan sama.

Da hunturu ƙura kan shige cikin maɓallai, su riƙa ƙaras-ƙaras in an taɓa. Feshin wanke lantarki ake sa musu, ban da man keken ɗinki, sannan a rufe miksa da ƙyalle in an tashi. In za a koma janareta, a kashe amfilifaya tukuna, a bari wuta ta daidaita, a kunna miksa, sannan a kunna amfilifaya daga ƙarshe.