Wutar da ke Ɓoye Cikin Ƙura



Duk wanda ya taɓa tuɓe rigar nailan da hunturu ya ji tana ƙas-ƙas, to ya san lantarkin gogayya. Irinsa ne ke taruwa a shagon kafinta sa'ad da garin katako ke gudu cikin mesar injin zuƙar ƙura, musamman in iska ta bushe.

Mazurarin da ake haɗa wa injin yana juya iska kamar guguwa, ƙura ta bugi bango ta faɗa cikin duro, iska ta fice ta sama. In duron na ƙarfe ne, yana kuma bisa tayoyin roba, lantarkin ba shi da mafita, sai ya taru har ya yi tartsatsi. Ƙurar da ta turnuƙe a rufaffen wuri kuwa, wuta kaɗan take jira. A 2008 ƙurar sukari ta fashe a wata masana'anta a jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka rasu.

Saboda haka a ɗaure duro da kowane ƙarfe na mazurarin da wayar jan ƙarfe, a kankare fenti a mahaɗa, a kai ta ga wayar ƙasa ta ginin. Naɗa waya a jikin roba ba ya wadatarwa, domin roba ba ta sakin lantarki. A kafa duro kada ya kife, a zubar da ƙura kullum, kada a zuƙi garwashi ko tartsatsin wasa ƙarfe.

Gobe ku ne za ku riƙe makarantun koyon sana'a, rayukan yaran mutane na hannunku.