Jawabin sabuwar shekara: dogara ga Allah da tattalin rumbu



Daren 31 ga Disamba, Kiristoci suna taruwa cikin majami'a. Suna waƙa da addu'a har tsakar dare. Suna gode wa Allah don shekarar da ta wuce, suna danƙa masa wadda ta kama. Ba su da yawa a ƙasar Dakoro, amma abin da suke roƙo shi kowa ke roƙo: lafiya, ruwan sama da cimaka.

Ba wanda ya san abin da damana za ta kawo. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A 2005 ma yunwa ta shiga gidaje da yawa.

To, mene ne dogara ga Allah? Kiristoci suna karanta labarin Yusufu cikin littafin Farawa, sura 41. Musulmi ma sun san shi. Yusufu ya dogara ga Allah, amma bai zauna ba. Shekara 7 yana tara hatsi a Masar. Da yunwa ta zo, mutane suka tsira.

Saboda haka, cikin Janairu kowane mai gida ya ƙidaya dammunansa. Ya ware iri. Kada ya sayar da gero da araha don buki, ya koma sayensa da tsada lokacin noma. Mai saura ya tuna da maƙwabci.

Allah ya ba da damana mai albarka, amin.