Makarantar da Gari Ya Gina: Darasi Daga Baƙaƙen Fatar Amurka

Mai girma shugaban reshe, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata.

Kukanmu a kullum ɗaya ne: aji ya cika maƙil, rufi yana yoyo, yara suna zaune a ƙasa. Yau muna so mu waiwayi wata al'umma da ta sha abin da ya fi wannan ɗaci.

Bayan haramta bauta a Amurka a 1865, jihohin kudu sun ware 'ya'yan baƙaƙen fata daga na Turawa, suka bar makarantunsu cikin ƙunci. A 1912 Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee, wanda aka haifa cikin bauta, ya haɗa kai da attajiri Julius Rosenwald. Sharaɗinsu shi ne, ba a ba ƙauye tallafi sai mutanensa sun kawo nasu kason, hukuma kuma ta ɗauki nauyin gudanarwa. Talakawan manoma suka ba da fili da katako da ƙarfinsu. Zuwa 1932 an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15, kuma abin da baƙaƙen fatar suka tara ya haura na attajirin.

Ba su tsaya ga gini ba. A 1926 masanin tarihi Carter G. Woodson ya keɓe mako guda a watan Fabrairu domin tarihin baƙaƙen fata, malaman aji kuwa su suka raya shi. Sun fahimci cewa yaron da bai ga kakanninsa a littafi ba yakan ɗauka ba su tsinana kome ba.

Ba muna sauke wa gwamnati nauyinta ba ne. Albashi da gini haƙƙi ne, ƙungiyarmu ba za ta daina nemansa ba. Amma abu biyu suna hannunmu. Na farko, mu farfaɗo da taron iyaye da malamai kowane zango, mu bayyana musu inda kowace naira ta shiga, domin wanda ya sa hannu a gini ba ya barinsa ya rushe. Na biyu, mu koya wa ɗalibanmu tarihin garinsu, da labarin Nana Asma'u da jajinta da suka kai ilimi ga matan karkara.

Muna roƙon kowace makaranta ta kawo rahoton abin da ta fara a zamanmu na gaba. Allah Ya yi mana jagora.