Muryar Mai Magana a Gaban Jama'a



Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wakilai fiye da 1,000 sun zauna Taron Ƙasa a Yamai, André Salifou yana jagorantar zaman. Talakan Maraɗi ko na Tawa da ya manna kunne ga rediyo bai ga fuskar kowa ba, sau da yawa ma bai ji Faransancin ba. Duk da haka yakan yanke hukunci: wannan ya san abin da yake faɗa, wancan tsoro yake ji. Da murya kaɗai ya auna su.

Masu neman a ɗauke su da daraja sukan zaci ɗaga murya shi ne ƙarfin hali. Fadar Damagaram ta ƙaryata wannan zato tun tuni. Sarki a hankali yake magana, sanƙira ne ke kwarmatawa, kuma ba a taɓa rasa gane wanda ke da iko a cikinsu ba.

Matsalar ɗan lakkol ta fi wannan zurfi. Hausa harshe ne mai karin sauti: da hawa da saukar murya ake bambanta baba mahaifi da baban rini. Jimla kuma, idan bayani ce, daga sama take farawa ta riƙa gangarowa har ta dire a ƙasa. Idan ƙarshenta bai sauka ba, ta zama tambaya. Shi kuwa Faransanci yana ɗaga murya a ƙarshen kowace gaɓa kafin jimla ta kammala. Ma'aikacin da ya shekara ashirin a biro yakan ɗauko wannan karin ya ɗora wa Hausarsa, sai ya tsaya gaban manoma yana sanar da doka, su kuwa suna jin kamar izininsu yake nema. Kalmominsa daidai ne, karin ne ya kayar da shi.

Ɗan kasuwa ya daɗe da sanin sirrin, ko da bai ba shi suna ba. Wanda ya ce "jika goma" ya sauke murya ya yi shiru, ya rufe ciniki. Wanda ya faɗe ta da ɗagawa ya shiga ƙarin bayani, shi da kansa ya buɗe ƙofar ragi. A gaban jami'in duwan ma haka abin yake. Shirun nan na daƙiƙa biyu shi ya fi ba mutane wuya, domin mai fargaba yakan cike shi da "wato" da "bon". Maganinsa a ja numfashi tun daga ciki kafin a fara, a gajarta jimla yadda iska za ta kai ta ƙarshe.

Sai dai dabarar nan ba ta tambayar gaskiyar mai ita. A yaƙin neman zaɓen 1993 an ji muryoyi masu natsuwa daga kowane ɓangare, suna dire alƙawari kamar an riga an cika shi. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin CFA da rabi, albashi kuma ya ci gaba da makara.