Jawabi Kan Asibitocin Taimaka Wa Masu Son Barin Taba Sigari



Duk mai shan taba ya san cewa ajiye ta na ɗan lokaci ba abu ne mai wuya ba. A watan azumi mutum yakan yini tun daga asuba har faɗuwar rana bai kunna ko kara ɗaya ba, amma da an sha ruwa sai ka ga yana lalubar ashana. Wuyar aikin ita ce a bari har abada, kuma a nan ne ya kamata a auna amfanin asibitocin da gwamnatoci ke buɗewa domin wannan aiki.

Ƙasar Ingila ce ta fi shahara a wannan fanni. A shekarar 1999 gwamnatinta ta soma buɗe irin waɗannan wurare a yankunan talakawa, kana aka bazu da su ko'ina cikin ƙasar. Mutum zai tsai da ranar da zai bari. Sai a ba shi magani mai rage ƙwaɗayin nikotin, watau sinadarin da ke kama mai sha, ko dai cingam ko filastar da ake mannawa a fata, ya riƙa komawa wurin ma'aikacin lafiya mako-mako. Ba a dogara da faɗar baki kawai. Akwai na'urar da ake hurawa, ita ce ke tona asirin wanda ya sha a ɓoye.

To, me aka samu? Bayan mako 4, wajen rabinsu sukan ce sun bari. Amma wani bincike da aka buga a 2005 ya tarar cewa bayan shekara guda kimanin 15 ne cikin 100 ke nan a kan bakansu, wani kuma na 2015 ya sami 8 kacal.

Mai gaggawa zai ce an yi asarar kuɗi. Lalle bai yi lissafi ba. Cikin masu ƙoƙarin bari su kaɗai, ba magani ba mai ba da shawara, da ƙyar ake samun 3 ko 4 cikin 100 da ke cika shekara. Ga shi kuwa a shekarar 2011 zuwa 2012 kaɗai mutum fiye da 800,000 ne suka tsai da ranar bari a waɗannan asibitoci. Har ila yau, binciken da Richard Doll ya soma a kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50, ya nuna cewa mai shan taba yakan rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana ɗan shekara 40 yakan ceto wajen 9 daga ciki.

Nijeriya ta kafa dokar taƙaita shan taba a 2015. Sai dai direban babbar mota da ke kwana a kan hanyar Ikko, ko mai gadin da ke kashe dare da sigari a Sabon Ibadan, ba doka ce za ta raka shi watannin farko ba, lokacin da mafi yawan masu bari ke komawa. Abin da ya kamata ya tambaya a asibiti shi ne ko akwai maganin, kuma ko akwai wanda zai riƙa ganinsa bayan mako na 4.