Sa'a ko shiri? Jawabi ga taron ƙungiya

Iyayenmu dattawa, 'yan'uwa Kurfayawa,

Kullum muna jin ana cewa wane mai sa'a ne, wane kuwa ba shi da rabo. To, mu tuna da 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Mutanenmu na Kumasi mota ɗaya sunka hau, ƙura ɗaya sunka sha har Filinge. Wani ya iske shanu suna jiransa, don kowace shekara yakan aiko kuɗi a saya masa maraƙi ran kasuwar Lahadi. Wani ya sauka da akwatin riguna da rediyo. Sai anka ce na farko ya yi sa'a! Mu dai mun ga tun can ransa yana gida, ɗayan kuwa ya ɗauka zaman baƙunci ba ya ƙarewa.

Ba mu musun ƙaddara: farin 1973 bai tambayi shanun wa yake kashewa ba. Amma a 1983, da Najeriya ta kori baƙi, haka anka sake rabuwa biyu.

Matafiya, kowa ya gyara takardunsa, ya riƙa aiko abin ajiya. Ku kuma iyayenmu, don Allah marakin da anka saya, a bar shi ya girma har mai shi ya komo.