Amsar Wasiƙunku: Malamar Da Ta Gama Jinyar Ciwon Daji Tana Son Komawa Aji

Wasiƙar da na ɗauko yau ta fito ne daga Unguwar Ya ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu a Jihar Jigawa. Wata malamar firamare ce ta aiko, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. To an sakaya, Malama.

A taƙaice tana cewa an same ta da ciwon daji a mama, aka yi mata aiki aka cire na dama, aka haɗa da kaluluwar da ke hammata. Bayan haka ta sha ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, wanda ake kira kemo, daga ƙarshe aka yi mata gashi da na'urar da ke ƙone ragowar cutar. Wata goma sha ɗaya rabonta da aji. Yanzu likita ya ce jiki ya yi kyau, amma da ta je makaranta sai hedimasta ya ce mata ko dai ta karɓi ajinta ɗungurungum kamar da, ko kuwa ta nemi ritaya ta huta. Ga shi hannun dama yana mata nauyi, ba ta iya daɗewa a tsaye, ta kuma lura wasu abokan aiki sun daina shan ruwa da moɗar da ta sha. Tambayarta ita ce, ta koma ko ta haƙura?

To Malama, da farko muna yi miki barka da arziki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Amsata kuwa ita ce ki koma, amma ba ta ɗaya daga cikin ƙofofi biyun da hedimasta ya nuna miki ba. Akwai ta uku, watau komawa da kaɗan-kaɗan bisa takardar likita, kuma a kanta zan tsaya yau.

Bari in fara kawar da maganar moɗa, don ita ce ta fi ɓata mini rai. Ba a ɗaukar ciwon daji ta hanyar cin abinci tare, ko gaisawa, ko zama a tabarma ɗaya, ko numfashi. Haka nan wanda aka yi wa gashi da na'ura daga wajen jiki ba ya tafiya gida da wani abin da zai cuci wanda ya raɓe shi. A ce malamin makaranta, wanda yake koya wa yara darasin kiwon lafiya, shi ne zai janye hannu daga moɗa, wannan abin kunya ne. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya sun nuna an sami sababbin masu cutar kimanin 127,000 a Nijeriya a shekarar 2022, fiye da 32,000 daga cikinsu ciwon mama ne. Da yawansu mata ne masu aiki da sana'a, masu 'ya'ya a gabansu.

Yanzu ga gajiya. Gajiyar da ke biyo bayan kemo da gashi ba irin ta wanda ya wuni a gona ba ce, wadda barcin dare ɗaya ke kawarwa. Takan ɗauki watanni, wani ma shekara ko fiye, kuma mutum zai tashi da safe garau, kafin azahar ya ji kamar an zare masa laka. Wasu magungunan sukan bar yatsun hannu da na ƙafa a sage, riƙon alli ma ya zama aiki. Wasu mutanen kuma sukan yi fama da mantuwa na ɗan lokaci. Duk wannan likitoci sun san da shi, ba lalaci ba ne, ba kuma raki ba ne. Abin mamakin shi ne kwanciya ba ta maganinsa. Abin da aka tabbatar yana rage shi shi ne motsa jiki daidai gwargwado, kamar 'yar tafiya a ƙasa kullum, ana ƙarawa a hankali. Saboda haka zaman gida gaba ɗaya da ake yi miki sha'awa ba lalle ne ya zama gata ba.

Nauyin hannun kuma yana da dalili. Kaluluwar da aka cire tana cikin hanyar da wani ruwa na jiki ke bi ya koma cikin jini. Idan aka cire ta, ruwan yakan taru a hannu ya kumbura, wani lokaci ma sai bayan shekaru. Don haka ki kiyaye hannun nan daga yanka da ƙuna, in kuwa kin ga ya yi ja, ya yi zafi, ko zazzaɓi ya biyo baya, a ranar za ki tafi asibiti, ba a jiran gobe. A da akan ce wa mata kada su ɗauki komai da hannun har abada. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 ya nuna ɗaga nauyi da aka fara da ɗan kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali bisa kulawar masani, bai ƙara wa matan kumburi ba, sai ma ya rage musu yawan tashin ciwon. Ki nemi likitanki ya tura ki sashen gashin ƙashi da motsa jiki, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Birnin Kudu, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, su nuna miki yadda za ki riƙa motsa kafaɗa, su kuma duba ko kina bukatar safar hannun nan mai matsewa. Ni da na riƙe alli kafin in zo gidan rediyo na san abin da rubutu a saman allo yake yi wa kafaɗar mai lafiya ma, balle wadda aka yi wa aiki.

To mece ce wannan takarda ta likita? A manyan kamfanoni, irin na mai, akwai likita na musamman wanda aikinsa ke nan, ya dubi ma'aikaci ya dubi aikinsa, ya ce ga abin da zai iya, ga wanda za a ɗage masa. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta sa mai ciwon daji cikin waɗanda tilas ne mai aiki ya sassauta wa tun daga ranar da aka gano cutar, kuma komawa aiki mataki-mataki abu ne da aka saba da shi a can. Malamar firamare a Unguwar Ya ba ta da irin wannan likita, sai dai ta sa likitan da ya yi mata jinya ya tsaya a matsayinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓo takarda mai layi ɗaya, wadda ta ce wance ta sami sauƙi za ta iya komawa aiki. Hedimasta yana ganin wannan zai miƙa miki aji mai yara tamanin, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Ki zauna da likitan ki ba shi labarin aikinki dalla-dalla, don shi bai taɓa tsayawa gaban 'yan aji biyu ba. Ki gaya masa darasi nawa kike yi a rana, tafiyar minti nawa ce daga gida, ko kina tsayuwa a rana lokacin taron safe, ko ke ce mai sa yara shara da ɗibar ruwa. Sa'an nan ki roƙe shi ya rubuta abubuwa a fili. Alal misali, makonni huɗu na farko darasi biyu ko uku da safe, kina zaune a kujera, ban da tsayuwa cikin rana domin fatar da aka gasa ba ta son zafin rana, ban da ɗaukar kaya masu nauyi, a kuma sake dubawa bayan wata guda a ga ko za a ƙara. Wannan misali ne kawai na bayar, likita ne zai yanke. Kada ki manta a sa ranakun komawa asibiti a ciki, domin a shekarun farko akan nemi ganin mutum duk bayan wata uku zuwa shida, kuma wanda zai je Kano ko Shika ta Zariya daga Birnin Kudu ya san ranar ta tafi. In an ɗora ki a kan ƙwayar nan da ake sha kullum har shekara biyar ko fiye, kada komawa aiki ya sa ki yi wasa da ita.

Takardar nan kada ta tsaya a aljihun hedimasta. Ki yi kwafi uku, ɗaya nasa, ɗaya ki kai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hannunki, a buga miki hatimin karɓa, ɗaya ki ajiye a ƙasan akwati. Zuwa da kai ya fi aike. In da hali ki tafi da wakilin ƙungiyar malamai ta NUT, ai kuɗin da ake yankar muku duk wata don irin wannan rana ne. Ba dole ba ne kuma kowa a makaranta ya san abin da aka cire miki. Abin da ya shafe su shi ne aikin da za ki iya.

Batun ritaya kuwa, hedimasta ba shi da ikon yanke wa kowa ita. A aikin gwamnati, kwamitin likitoci ne ke duba ma'aikaci ya ce ya iya ko bai iya ba. Alal misali, dokokin aikin gwamnatin tarayya na 2008 sun ce wanda ba a kwantar a asibiti ba, in hutun rashin lafiyarsa ya haura kwana 42 cikin wata 12, sai a kai shi gaban wannan kwamiti. Ke ma'aikaciyar jiha ce, don haka ki nemi a nuna miki abin da dokar aikinku ta ce a rubuce, ba a baki ba. Kada ki sa hannu a wata takardar ajiye aiki kina cikin ɓacin rai ko gajiya, domin jikin da kike ji yau ba shi za ki ji ba nan da wata shida, amma sa hannun ba ya gogewa.

Shi kuma Malam hedimasta, in yana saurare, na san ba mugunta ba ce. Malamai sun yi ƙaranci, aji ba ya zama ba kowa. Amma ka yi lissafi. In ta yi ritaya ka rasa malama sukutum, kuma Allah kaɗai Ya san ranar da za a turo maka wata. In ka ba ta darasi uku da safe, ka haɗa mata da rajista da duba littattafan yara, ka sami rabin malama yau, mai yiwuwa cikakkiya kafin ƙarshen zango na biyu.

Ga sauran masu sauraro da ba gwamnati suke yi wa aiki ba, Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ba lebura da ƙaramin ma'aikaci kwana 12 ne kacal a shekara na hutun rashin lafiya da albashi, in likita ya shaida. Kwana 12 ba su kai ko'ina ba a jinyar daji, saboda haka a nan sai sulhu da mai aiki, kuma takardar likita ce dai makamin. Manomi kuwa da mai ƙuli-ƙuli da mai kai kaya kasuwar Sara, su ne hedimastan kansu, kuma su suka fi matsa wa kansu. Wanda ya tashi daga wannan jinya kada ya ce zai yi huɗa da noman farko shi kaɗai a daminar farko. Ya fita da sanyin safiya ya dawo kafin rana ta take, feshin maganin ƙwari kuma ya bar wa wani. Mai suya ta ja hannun da aka yi wa aiki nesa da wuta da tafasasshen mai, ta bar wa yara surfe da daka tukuna.

Wanda kuma yake tsakiyar jinya kuɗi suka yanke masa, ya tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitinsa labarin asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021 domin ciwon mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Asibitin Shika da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe suna cikin waɗanda aka fara da su.

Malama, in kin kai takardar ki sake rubuto mana mu ji yadda kuka yi da ofishin sakataren ilimi. A gaida maigida da yara da mutanen Unguwar Ya baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.